Ɗakin turawa ya tsaya a rabi

Litinin, 8 ga Janairu
Mun iso sansanin masu tirela da ke kusa da Harlingen, a Texas, da azahar. Kwana huɗu ina jan tirelarmu ta kwana da mota daga Minnesota, mijina Duane a gefena yana nuna hanya da hannunsa mai lafiya. Na danna maɓallin ɗakin turawa, gefen falon tirelar da inji ke turawa waje ya ba mu fili, sai ya taho a karkace, gaba ya riga baya. Ya yi ƙara, ya tsaya a rabi. Sannu da zuwa ke nan.

Talata, 9
Matsalar ita ce in ɗakin bai fita duka ba, ƙarfen da Duane ke dogarawa ba ya wucewa zuwa banɗaki. Sai na tallabe shi muna tafiya gefe-gefe. Ya tsani hakan, ni ma bayana ya tsana. Na duba fis, lafiya. Batir cike. Tirelar a daidai take.
Ɗanmu Keith ya yarda da tafiyar nan ne da sharaɗi. Tun da ɓarin jikin babansa ya shanye bara yake son mu koma gidan kula da tsofaffi. "Mama, abu ɗaya ya gagare ku, zan zo in kwaso ku, a sayar da tirela." Ran Lahadi zai kira ta bidiyo, kuma yaron nan ido gare shi.

Laraba, 10
Maza huɗu daga maƙwabta sun zo da kujerunsu da kofi. Ɗaya ya ce a shafa giris, ɗaya ya ce giris ne ma ke kashe shi. Ba wanda ya durƙusa ya duba.

Alhamis, 11
Na yi kuka a ɗakin wanki. Tsoro nake ji, gaskiya. Shekara goma sha tara muna zuwa nan gudun sanyi, in aka raba Duane da wannan ban san me zai rage masa ba.
A nan Lorna ta same ni, mai tirela ta bakwai, 'yar Manitoba ta Kanada. Shekara talatin tana gyaran bas ɗin makaranta, bakinta ba birki. Na gaya mata, ta biyo ni tirelarmu, ta ce danna in gani. Na danna. Duane ya yi tari, na saki na juya.
"Me ya sa kika saki?"
Na ce tari ya yi.
"Tari ne, ba mutuwa ba. Kullum haka kike yi?"
Gaskiyarta. Kullum mana, duk tsayawar da muka yi a hanya. Ya motsa in saki, ya yi nishi in saki.
Ta ce inji biyu ne a cikin bango, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane yana ƙirga juyinsa. In ana ta tsayar da su a hanya sai ƙirgen ya rikice. Ba abin da ya karye. Ni ce.
Duane ya yi dariya da rabin baki. Ashe ya sani. Tun muna Oklahoma a hanya yake ƙoƙarin faɗa da harshensa da ya yi nauyi, ni kuma ina ƙarasa masa magana da abin da na ga dama.

Juma'a, 12
Ruwa aka yini ana yi. Ban yi masa magana sosai ba. Kunya ce, ba fushi ba.

Asabar, 13
Gyara. Lorna ta ce za a shigar da shi kaɗan, a fitar, a riƙe maɓallin har injinan su yi shiru da kansu, a maimaita har gefen biyu su daidaita. Ita za ta tura kusurwar baya. Ana bukatar mai auna ta gaba, in ya ga ta cije ya bugi bango.
Duane ya ce, "Ni." Kalmar ta fito sarai.
Na ce ƙasa a jiƙe take, ga tsakuwa. Na ce a kira ɗaya daga cikin masu kofi. Ya ɗauki tef ɗin awo ya sa a aljihu, ko kallona bai yi ba. Lorna ta ce, "'Yar uwa, shiga ciki. Ko me kika ji kar ki ɗaga yatsan nan."
Daga wurin maɓallin ba a hango waje. A zagaye na uku na ji ƙarfe ya faɗi a tsakuwa. Na zaci Duane ne ya faɗi. Amma ban ɗaga yatsana ba, na yi ta ƙirga har injinan suka yi shiru. Tef ɗin ne ya suɓuce masa, shi yana tsaye yana zaginsa.
A na biyar ɗakin ya fita sumul. Lorna ta ce, "Tsohon nan ya fi mazan can huɗu amfani, da hannu ɗaya." Mun ba ta miyar shinkafar daji irin tamu ta Minnesota, ta sha kwano biyu tana kushewa.
Da yamma ya tafi banɗaki shi kaɗai, ya rufe ƙofa. Na zauna a falo hannuwana ba abin yi.

Lahadi, 14
Rana ta fito. Na yi burodin ayaba. Keith ya kira, na zagaya da wayar ya ga falo a buɗe, ban ce masa komai ba game da makon nan. Wata rana dai.
Ya ce, "Ina Baba?"
Na ce ya fita da safe, ko wajen masu wasan jifa da ƙarfen kofaton doki, ko wajen Lorna.
"Ko? Mama, ba ki san inda yake ba?"
Sai da ya faɗa na lura. Na dubi agogo, an kusa awa ɗaya. Na ce burodina zai ƙone, in ya dawo zai kira ka.
Ban leƙa taga ba. To, sau ɗaya.