Matattun Itatuwan da Na Bari Suna Girma a Takarda

Ni mahaifinku, mai awon itatuwa, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya sa ni. Jikin ne ya ƙi, kan yana nan daram. Nas ta ce maganin zai yi aiki, amma na ga yadda take kallon bango in tana faɗa, kuma ni na haife ta. Saboda haka ku zauna ku uku, Babba da Nas da Auta, a karanta wannan a gabanku gaba ɗaya.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa. Ku haɗa da keken, in akwai mai son keken da tafin ƙafa ne birkinsa.

Na biyu. Tef ɗin awo da gwangwanin jan fenti na Babba ne. Ba dukiya ba ce, kuma dalilin zai zo a gaba.

Shekara talatin da huɗu na yi a gandun daji ina aiki ɗaya. Itace ɗari shida, kowanne da lambarsa a ɗan faranti da aka kafa masa da ƙusa, da jan layi daidai ƙirjin mutum. Duk ƙarshen damina in zagaya tef a kan layin, in rubuta kaurinsa, in aika ofis. Masanan da suka kawo aikin sun yi mini bayani cewa itace yana zuƙe iskar kabon, wadda hayaƙin motoci da masana'antu ke cika sama da ita har duniya take ƙara zafi, ya mai da ita jikinsa. Duk ɗan kaurin da ya ƙara, wani abu ne ya rage wa sama. In ya mutu ya ruɓe, sai ya mayar da abin da ya ajiye. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Ina ganin kaina ma'ajin duniya, ni da ko takalmin kirki ba ni da shi.

Na uku. A ƙasan akwatina, ƙarƙashin bargo, akwai baƙin littafi da gwangwanin madara. Na Auta ne. Ki zauna kafin ki buɗe, 'yata.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ruwa ya ɗauke da wuri, zafi ya yi abin da ban taɓa gani ba. Da na shiga awo na tarar da itace tara sun bushe a tsaye. A lokacin ana ta maganar cewa duk yankin da ya daina ajiye kabon za a janye masa tsaro, a bai wa masu katako da masu gona. Na tsaya gaban wata kirya, lamba ta ɗari biyu da shida, biro a hannuna, na kasa rubuta ta mutu. Sai na rubuta kaurinta na bara, na ƙara mata kaɗan. Na ce badi ruwa zai dawo, ƙananan za su cike gurbin, babu wanda zai cutu.

Badi ta zo da wasu matattu goma sha huɗu. Ƙananan da nake jira, wuta ta lashe su sau biyu. Ƙasar da ke da laushi da duhu a da, mai ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, ta koma fara tana farfashewa a hannu. Wanda kuwa ya raya mataccen itace a takarda dole ya ci gaba da ciyar da shi kowace shekara. A koren littafin da nake aikawa ofis, matattuna sun fi masu rai ƙoshin lafiya. A baƙin littafin nake rubuta gaskiya, don ban iya yi wa kaina ƙarya ba. Farantan lambar nake cirewa daga jikin matattun in zuba a gwangwanin madara. Guda ɗari da tamanin da bakwai ne. Ba sai kin yi dogon lissafi ba, Auta: dajin nan ya daɗe yana fitar da fiye da abin da yake zuƙa.

Ke kuwa a kan koren littafin kika gina digirinki na uku. Kin tsaya gaban manyan masana kin ce dajin mahaifinki yana nan yana yi wa duniya aiki duk da zafin. Kin sa sunana a shafin godiya. Ranar da kika kawo mini littafin digirin na shiga banɗaki na yi kuka, kuka ɗauka murna ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma duk da haka na yi gum.

Na huɗu. Babba, ka yafe mini. Kai da kake bi ta gefen dajin da babbar mota kowane mako, daga saman kujerarka kana hango abin da na ɓoye. Ka faɗa muna cin abinci cewa dajin ya yi sanƙo daga ciki. Ƙanwarka Auta ta ce direba ba zai koya mata aikinta ba. Kuka juyo kuna kallona, na buɗe baki na ce idonka ne. Shekara uku ke nan ba ku gaisa ba, har 'ya'yanku ba su san juna ba. Kai ne mai gaskiya, ɗana. Na tsaya ina kallo aka mai da kai jahili a gidan ubanka.

Na biyar. A cikin baƙin littafin akwai takarda mai sa hannuna, wadda ta ce ni kaɗai na yi, Auta ba ta sani ba. Ki kai ta inda ya dace, ki sake lissafin, ki janye abin da kika rubuta. Ba zan ɓoye miki ba: kina iya rasa aikinki, kuma wataƙila a janye tsaron, a sare abin da ya rage. Na kwana na tashi ina neman hanyar da za ta tsirar da ke da dajin gaba ɗaya, ban samu ba. Ƙaryata ma ba ta tsirar da shi ba, ta dai hana a kawo masa ɗauki lokacin da ɗauki zai yi amfani. Wa ya san dazuka nawa ne ake dogara da su a duniya, alhali suna wannan hali? Ina tausayin jikokina ƙwarai, kuma ba ni da wata magana mai daɗi da zan bar musu a kan wannan.

Na shida. Nas, ke ce kike ɗaga ni kike kwantar da ni ba tare da ɓata fuska ba, sai dai faɗan da kike yi mini kan cin gishiri. Ga aiki na ƙarshe: kada ki bar ɗayansu ya tashi daga wurin nan da fushi. Idan Auta ta tsine wa takardar nan, ku ƙyale ta, tana da hakki. Idan aikin ya kuɓuce mata, ƙofofinku biyu a buɗe suke.

Na bakwai. Ƙarshen daminar bana, Babba ka ɗauki ƙanwarka Auta a motarka ku je dajin. Daga bakin rafi, ku bi hagu, za ku ga babban maɗaci, lamba ta ɗaya. Mutum ɗaya ba ya iya auna shi, sai wani ya riƙe bakin tef a kan jan layin, ɗayan ya zagayo ya same shi. Marigayiya mahaifiyarku ce take riƙe mini. Bara ban iya zuwa ba, kuma a ganina na ƙarshe rassansa na sama sun fara zubar da ganye ba lokacinsa ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku, kamar yadda kuka fi ni. Ku riƙe juna, don ban bar muku inuwar da za ku fake ba sai junanku. Ku roƙa mini gafara. Idan kun je kun tarar maɗacin yana da rai, ku auna shi daidai, kada ku ƙara masa komai. Idan kun tarar ya mutu, ku rubuta ya mutu.