Dinyar da Baba Ya Yanka

Flatbush, Brooklyn
Disamba

Inna tawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki da sanyin bana? Ya su Zalia da yara, da mutanen Nguru duka? Mu nan sai godiyar Allah.

Kin ga takarda maimakon waya, kada gabanki ya faɗi. Gidan nan ƙarami ne, duk inda na tsaya da waya kunnen Baba na wurin, shi kuwa ya hana ni gaya miki. A wurin aiki nake rubutawa, zan ɗauki hoton takardar in tura wa Zalia ta miƙo miki. Ki karanta da kanki, kin san bakin Zalia.

Idon Baba na dama da aka yi wa aiki ya warke sarai, har ya fara ganin ƙurar da ke kan talabijin ɗina yana yi mini faɗa. Na hagun ne mai wuyar, wanda likitocin Kano suka ce ba za su taɓa ba. Likita ya sa aikin a watan Afrilu, sai suga ya sauka. Bizar Baba kuwa a Maris za ta ƙare, don haka na nemi a ƙara masa kwanaki, muna jiran amsa. Ki riƙe wannan a ranki, don a kansa duk damuwata take.

Kin san duk Asabar ina bin wata ƙungiya zuwa fadamar Jamaica Bay a bakin teku, muna ƙirga dinyoyin da ke zuwa cin hunturu. Ba irin dinyarmu ba ce, ƙarama ce mai baƙin wuya, daga can ƙarshen arewa take zuwa inda take ƙyanƙyasa. 'Ya'yan bana muke nema a cikin garken, ana gane su da fararen layuka a fiffike. In sun yi yawa, an san haihuwa ta yi kyau. Bana abin ba daɗi, ƙanƙara ta daɗe ba ta narke ba a can, sai ki duba garke guda ba ki ga ɗa ko ɗaya ba.

Zaman ɗaki ya ishi Baba, sai na fara tafiya da shi. Inna, da kin ga mijinki! Ya ce ciyawar wurin kamar kacallar fadamarmu. Madam Marjorie, tsohuwar Baturiyar da ke jagorantar mu, ta ba shi madubin hangen nesanta, ya ce ga abin da aka yi domin masu ido ɗaya. Ba ya jin Turanci, ba ta jin Hausa, amma in ya hango ɗan bana sai ya ɗaga yatsa, ita ma ta ɗaga.

Asabar da ta wuce ya ɗan ratse daga hanya, na ɗauka fitsari zai yi. Ashe dinya ya gani a cikin ciyawa, zaren fatsa ya naɗe ta, fiffike ya karye, tana numfashi sama-sama. Kin san 'yar wuƙar nan da ba ya rabuwa da ita. Kafin in isa ya juya ta alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka. Ya ɗago ta yana murmushi, wai Allah Ya sa ya riske ta kafin ta zama mushe. Jini a kan farar ƙanƙara, mutane kuwa na tsaye da kyamarori. Kuma 'yar bana ce, Inna, ita kaɗai muka gani ranar.

Wani ya kira jami'in da ke tsaron fadamar. Ya karɓe dinyar da wuƙar, ya ba mu takardar zuwa kotu. A nan kashe tsuntsu a irin wannan wuri laifi ne na gwamnatin tarayya. Madam Marjorie ta naɗe madubinta ta wuce, ko kallonmu ba ta yi ba.

Ina jin tsoro ƙwarai. Ki sa mu a addu'a, kuma in ya kira ki kada ki nuna kin sani.

'Yarki,
Raudatu

Flatbush, Brooklyn
Janairu

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya gida? Na ji saƙonki ta bakin Zalia, wanda ya nuna mini ta karanta takardar ke nan. Ba komai. Ki ce mata kada zancen ya wuce ƙofar gida.

Na sami lauya, mace ce mai kirki, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce hukuncin ba mai nauyi ba ne, ba za a ɗaure shi ba. Amma in aka rubuta cewa ya kashe tsuntsun, zai shiga takardunsa, kuma masu duba neman ƙarin kwanaki a yanzu ƙaramin abu ma ya ishe su su ce a'a. In kuwa dinyar ta riga ta mutu kafin ya sa wuƙa, to taɓa gawa ne kawai, da wuya ya wuce gargaɗi. Ba wanda ya tsaya kusa da zai iya rantsuwa, hotunan ma duk bayan an gama aka ɗauka. Ta ce ba za ta sa shi yin ƙarya ba. Tambaya kawai ta yi: tsoho mai ido ɗaya, cikin wannan sanyi, ya tabbata tana da rai? In bai tabbata ba, sai ya ce bai tabbata ba.

Na dawo gida da murnata, na dafa masa tuwo miyar kuka, na jira ya ci ya ƙoshi, sannan na kawo zancen a hankali. Inna, da na sani da ban ɓata kukata ba. Ya ce ya tabbata. Ta harba ƙafa, jini ya fito da ƙarfinsa, ido ya motsa, duk alamun da malamai suka faɗa sun cika. Ya tambaye ni ko so nake ya tsaya gaban alƙali ya shaida cewa shi, da furfurarsa, ya yi bisimilla a kan mushe, ya ɗauko zai kawo wa 'yarsa ta dafa. Na ce ba wanda ya san mushe a kotun nan, ba ruwansu. Ya ce shi ya sani.

Na yi lallashi, na yi kuka, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, Allah Ya yafe mini. Na tuna masa likita ya ce in aka wuce wannan lokaci da wuya idon ya dawo. Na kai shi wurin limamin masallacinmu ko zai sassauto da shi, liman ya saurare mu, ya yi ta shafa gemu, ƙarshe ya ce gaskiyar Baba ce. Muka shiga bas muka dawo gida.

Haushinsa nake ji, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Kalma uku ce, "ban tabbata ba", tsakaninsa da idonsa. Ni ma na sani ƙarya ce, amma ni zan ɗauki zunubin in za a ba ni. Yanzu yini yake a bakin taga yana kallon tattabarun titi, sugan da muke so ya sauka sai hawa yake yi. Ranar Asabar ya tashi da wuri ya sa rigar sanyinsa, sai da ya kai ƙofa ya tuna mun daina zuwa fadamar, ya dawo ya zauna.

Ke kaɗai yake jin maganarki. Na janye abin da na ce, ki kira shi, ki nuna kin sani. Zaman kotu farkon watan gobe ne.

Ki gaida kowa.

Taki,
Raudatu

Flatbush, Brooklyn
Fabrairu

Inna tawa,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na san kin matsu ki ji, a waya kuma ban iya ce miki komai ba, in ban da cewa an gama lafiya.

Na ji abin da kika gaya masa, domin ya sa ki a lasifika don in ji. Na roƙe ki ki karya shi, ke kuma kika ce masa ya faɗi abin da ya gani. Na yi fushi da ke har na ƙi ɗaukar wayarki. Ki yi haƙuri.

Mun je kotu. Ya sa babbar rigarsa ruwan toka a kan rigunan sanyi, ya zama kamar buhun gero. An kawo tafinta, wani Fataw, mutumin Gana, Hausarsa ta Zango. Tun a baranda Baba ya kama shi da hira har ya gano suna da sani a Kumasi. Ina ta fatan ko tafintan zai tausasa maganar, amma an rantsar da shi, kuma na ga alama ba zai rage ko wasali ba.

Alƙali mace ce. Da ta tambaya ko tsuntsun na da rai, na sunkuyar da kai ina karanta duk abin da ya zo bakina. Baba ya ce tana da rai. Bai tsaya nan ba, ya kawo harba ƙafar, ya kawo jinin, har ya gwada da hannu yadda ya kwantar da ita. Ya ce a garinsu wanda ya ga dabba na shan wahala ya wuce, shi ake zargi. Ya ce bai san dokar wurin ba, kuma ya ba da haƙuri a kan wannan, amma yankan ya yanku. Lauyarmu ta ajiye biro.

Sai ga Madam Marjorie ta miƙe daga baya, ban ma san ta zo ba. Ta ce dinyar ba za ta kai yamma ba ko da an kira masu jinyar tsuntsaye, kuma zaren da masunta ke yarwa ne ya kashe ta tun kafin wuƙa. Ta ce har yanzu tana jin zafin abin, don 'ya'yan bana ba su da yawa, amma ba ta taɓa ganin mugunta a wurin mutumin nan ba. Da ta gama ta koma ta zauna.

Alƙali ta yi masa magana da ladabi. Ta ci shi tara, ta hana shi shiga fadamar, ta ce tun da ya faɗa da bakinsa dole ta rubuta yadda ya faɗa. An rubuta.

A waje Baba ya tambaye ni ko za a ba mu naman. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun a bakin titi.

Yanzu sai jiran amsar ƙarin kwanakin bizar. Kullum in na dawo aiki akwatin wasiƙu nake fara buɗewa. Ki ci gaba da addu'a.

'Yarki,
Raudatu

Flatbush, Brooklyn
Maris

Inna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara?

Amsa ta zo, sun ƙi. Ba su faɗi dalilin da zan iya kamawa ba, kuma ba zan rantse cewa dinyar ce ba. Na je wurin likita na roƙe shi ya matso da aikin, ya duba sugan ya ce in ya yi yanzu zai iya jawo abin da ya fi haka. Lauya ta ce kada Baba ya ƙara ko kwana ɗaya a kan bizarsa. Na soke ranar aikin da hannuna.

Da na gaya masa, sai ya ce Alhamdu lillahi, da ido biyu a rufe ya zo, zai koma da ɗaya a buɗe. Ni ce ya koma yana ba haƙuri. Har yanzu ban san ko na huce ba, Inna. Wani lokaci in na kalle shi yana laluben kofin shayi ta hagu sai in ji kamar in fasa ihu. Amma jiya da na bi shi salla, na ji ba wanda nake so ya ja ni kamarsa.

Jirginsa zai sauka Kano ranar Alhamis da rana. Magungunansa na cikin ƙaramar jaka, na rubuta yadda ake sha da Hausa. Na san ƙafarki, amma ki daure ki bi su Zalia filin jirgi, kuma don Allah kada kowa ya yi masa zancen dinya. In ya fito, ki tsaya ta hannun damansa. Ta hagu ba zai gan ki ba.

Ki yafe mini, ban dawo miki da shi yadda na yi alkawari ba.

'Yarki mai ƙaunarki,
Raudatu