Sabuwar Mai Fiyano

Litinin, 3 ga Maris
Oga ya kawo sabuwar mai fiyano cikin ƙungiyarmu, da jakarta fal takardu. Shekara ashirin da shida ina kaɗa jita da kunne, ban taɓa neman takarda ba. Ko shawartata ba a yi ba.

Laraba, 5 ga Maris
Muna tsakiyar gwaji ta ɗaga hannu. "Baba, sauti ukun da ka haɗa a nan ba su zauna ba." Wai daga na farko zuwa na biyu taki huɗu ne, sannan uku, haka yake fita da fara'a. Ni uku na fara yi sannan huɗu, shi ya sa ya fita kamar ana makoki. A gaban kowa. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Wa ya sa ta?

Asabar, 8 ga Maris
Ina shiga ita da Oga suka yi tsit. An ce tana da ƙane mai jita. Ruwa ba ya tsami banza.

Talata, 11 ga Maris
Ta zana min wuyan jita a takarda, kowane gida taki ɗaya. "Tazara ƙirga ta ake yi, Baba. Ko kunne bai ji ba, yatsa ya sani." Ko kunne bai ji ba? Me take nufi? Na karɓa dai, don kada a ce na ƙi koyo a samu hujja.

Alhamis, 13 ga Maris
Na tare mai ganga a bakin ƙofa, tare muka fara sana'ar nan. Na ce ya faɗa min tsakani da Allah, korata za a yi? Ya daɗe yana murza sandarsa. Ya ce wata shida ke nan ina kauce wa kiɗa, su suke rufa min asiri. Oga ya so ya sallame ni, mai fiyanon ce ta ce a ba ta wata ɗaya. Na ce ƙarya ne. Ya ce, "Ɗazu sau uku na kira ka ta hagu, ba ka waiwayo ba."

Juma'a, 14 ga Maris
Na tambayi uwargida. Ta ce da ƙarar rediyona har maƙwabta sun haddace labarai. Tun yaushe? "Tun bara. Wa zai iya faɗa maka?"

Lahadi, 16 ga Maris
Ban taɓa jita ba.

Talata, 18 ga Maris
Huɗu, uku. Uku, huɗu. Na ƙirga a zuci, muka kai ƙarshen waƙa ba a tsayar da mu ba. Har yanzu hankalina bai kwanta da zancen ƙanen nan ba. Na dai riga kowa zuwa, na ja kujerata inda nake ganin yatsunta. Da Oga ya tambaya na ce fanka ce ta dame ni.