Gado Uku, Sai Haki

Auta,

Bayan gaisuwa, yaya Inna, yaya ƙafar Baba? Ki ce musu murar da tarin sun tafi, har na koma aikina na otal.

Sauran zancen ke kaɗai zan faɗa wa. A da gado ashirin nake gyarawa kafin azahar. Yanzu in na gyara uku sai in zube a ƙasa ina haki.

Bara, kafin in taho, kin tashi daga irin wannan murar kika kasa ko shanya wanki, na ce miki raguwa a gaban kowa. Ba ki tanka ba. Wannan shirun naki nake ji kullum in na zube.

Ki yafe mini, Auta. Allah ya yi miki albarka.

Yayarki