Finjalin Farko Na Kawu Amaro

Litinin, 4 ga Fabrairu

Na jiƙa giyar gahawa yau. Gahawar ni na soya na niƙa, ga sukari, kirfa, ɓawon lemo, yadda surukata ta koya mini. Barasar ce kawai ba tamu ba. Ƙanƙara ta kashe mana inabi bara, tukunyar dafa barasa ko wuta ba ta gani ba, sai mijina Eladio ya sayo tulu guda a kasuwa wajen wani mai babbar mota. Na shinshina. Ba ƙamshin inabi, ba ƙamshin komai. Da na yi magana sai ya ce, "Ke da hancin nan naki! Gahawa za ta rufe." Za ta rufe kam, aikinta ke nan.

Dole ta nuna kafin Lahadi ta farko a Maris, ranar da iyayen Breixo za su zo neman auren Sabela. 'Yata ke nan tilo. Ba a gidana, ni Delfina, za a ba surukai giyar kanti ba, sai dai bayan raina.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Girgiza tulu safe da yamma. Ta yi baƙi wuluk. Maƙwabciyata Herminia ta leƙo ta katanga, wai, "Bana ba inabi, mu ga da me za ki yi mana taƙama." Za ki gani, uwar gulma.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Na tace da farin ƙyalle. Finjalin farko na babban unguwa ne, haka muka taso muka tarar, don haka na kai wa Kawu Amaro. Tsohon nan sai da ya sha uku. Ya lashe gashin baki ya ce, "'Yata, wannan ta fi ta bara santsi." Na dawo gida kaina ya yi girma.

Ni lasa kawai na yi a cokali don jin sukari. Eladio kuwa likita ya hana shi saboda gyambon ciki, sai kallon tulun yake kamar maraya.

Litinin, 18 ga Fabrairu

Kawu Amaro ba lafiya. Amai, ciwon ciki. Na kai masa romo, ya kalli saman kaina ya ce wa ya bar ƙofa a buɗe, dusar ƙanƙara na zuba a ɗaki. Ba abin da ke zuba. Jikarsa ta ce ruɗewar tsufa ce.

Talata, 19 ga Fabrairu

Ya tafi. Ƙararrawar coci tun safe.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Zaman makoki. Kowane gida ya kai kwalbarsa don masu zama da gawa, na kai tawa. Secundino kafinta, wanda ya haɗa akwatin, ya rungume ta ya hana kowa. "Ta Delfina tawa ce, ku ku sha ruwan wankin Herminia!" Aka yi ta dariya, har fada, limamin cocinmu, sai da ya rufe baki da hannu. Herminia ta cika ta yi fam. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A gaban gawa, amma na ji daɗi.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Secundino ba ya gani. Matarsa ce ta ja shi da hannu zuwa motar gari. Da suka zo wucewa ta ƙofarmu na ji yana tambayarta yaushe aka fara dusar ƙanƙara.

Na shiga ɗakin ajiya na tsaya ina kallon tulun. Ban san me nake jira ya ce mini ba.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Na ce wa Eladio mu zubar. Kai, ashe yana da baki haka.

"Kwalba nawa aka kai makokin nan? Taki kaɗai ce a duniya?"

Na ce tawa kaɗai Secundino ya sha, da idona na gani.

"To zubar. In baƙi sun zo ba giya a teburin Delfina, sai ki tsaya ki gaya wa gari mu muka kashe Kawu. Mu ga wanda zai auri 'yarki."

Ya ce shi zai fara ɗaga finjali ranar, gyambo ko ba gyambo, mai gida ke buɗewa. Bayansa uban Breixo, sai Breixo. Tsoro yake ji, na san shi, in ya tsorata ihu yake yi. Amma zai sha ɗin, taurin kansa na gado ne.

Sabela tana tsakar gida tana wanke finjalan kakarta tana waƙa. Ba ta san komai ba.

Talata, 26 ga Fabrairu

Kasuwa. Mai babbar motar bai zo ba. Na tambayi mai kifi, na tambayi mai cuku, ba wanda ya san sunansa. Ko kuwa sun sani.

Wataƙila tsufa ne. Wataƙila Secundino ya sha wani abu a wani wuri, ai ba yau ya fara ba. Wataƙila, wataƙila. Na gaji da wannan kalma, abinci ma ya ƙi shiga.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Ba zan zuba wa ɗan mutane abin da ban sani ba. Ba kuma zan kunyata 'yata a kan zargi ba. Da Eladio ya fita da shanu na zauna na zuba wa kaina uku, yadda Kawu ya sha.

Wayyo Allah, daɗi. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Juma'a, 1 ga Maris

Garau nake. Ɗan ciwon kai, ni da ban saba ba. Ka gani? Duk tsoron banza. Na yi burodi, na yanka kaza.

Asabar, 2 ga Maris

Na kwana da ciwon ciki, ba wani abu ba ne, kazar ce ta yi mai.

Na ce Sabela ta ɗora tulun a amalanke ta kai wa likita, ta ce masa ya biyo ta in ya samu sarari. Ba don ni ba. Ta tambayi dalili, na ce yi abin da na sa ki, kuma kar ko ɗigo ya taɓa bakinki. Eladio ya tsaya a ƙofa zai hana, ya dubi fuskata, ya matsa. Gobe gahawa zalla za a ba baƙi, wanda zai yi magana ya yi.

Tawadar nan ta yi ruwa, da ƙyar nake bin layi. Sai an sayo wata.

Kafin ta fita na ce ta rufe mini taga, sanyi, ga shi an fara 'yar dusar ƙanƙara. Ta dubi tagar. Sannan ta ce, "Mama, a rufe take."