Tagar Ɗakin Yashi

Da sunan Allah. Ni ce mahaifiyarku, kuma da hannuna nake rubuta wannan. Numfashina ne ya gaza, hankalina yana nan daram. Har yanzu zan iya faɗin awon ƙugun kowannenku ba tare da na ɗauko tef ba, don haka kada wani ya ce ciwo ne ya sa tsohuwa sambatu. Likita ya daina canja mini magani, ni kuwa ba yarinya ba ce, na san abin da hakan ke nufi. Dogo, Shiru-shiru, Auta, ku karanta wannan a zaune wuri ɗaya, ba kowa a ɗakinsa ba.

Na ɗaya. Rabon gado yana da ƙa'idarsa, ba zan sa baki ba. Kayan hannuna ne kawai na bayar tun ina raye. Tsohon keken ɗinkina mai ƙafa na Auta ne, da shi na fara a barandar gidan haya ina ɗinka kayan makaranta. Babban almakashi na Shiru-shiru ne, ita kaɗai ce a cikinku ba ta taɓa yanka takarda da shi ba. Teburin yanka na Dogo ne. Kekuna goma sha biyun da ke saman bene kuwa, ina roƙonku kada ku raba su, domin mata goma sha biyu ne ke ci da 'ya'yansu a kansu.

Na biyu, ɗakin yashi. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Auta, kina ƙarama lokacin, bari in faɗa miki yadda aka yi. Shekara goma sha huɗu ke nan da wani kamfanin tufafi na babban birni ya aiko mana wakilinsa. Ɗinki ya mutu a garin nan a lokacin, gwanjo ya cika kasuwa, mutum zai sayi riga uku da kuɗin ɗinkin ɗaya. Wakilin ya ce za su riƙa aiko mana sababbin wandunan jins dila-dila, mu kuma mu tsofar da su. Sai da na sa ya maimaita. Wai samarin birni ba sa son wando ya nuna sabo ne, sun fi son wanda gwiwa da cinya suka koɗe. Na yi dariya har da hawaye, ni da na shekara ashirin ina yi wa talaka faci don kada a gane wandonsa ya tsufa. Amma na karɓa hannu bibbiyu. Sai daga baya na gane abin da ya kawo su wurinmu: a can an hana aikin, a nan kuwa babu mai leƙowa.

Aikin ba shi da wuya. A shimfiɗa wando a kan katako, mutum ya riƙe tiyo, injin iska ya turo yashi da ƙarfi ya kankare shuɗin. Ɗakin yana da taga ɗaya babba. A watan farko na lura yashi yana ƙarewa da sauri, rabin buhu yana bin iska ta tagar. Kun san halina, zare in ya kai tsawon yatsa ba na yar da shi. Sai na kwaso ƙyallayen jins na cusa a tagar, na sa aka buga mata kwanon rufi ta waje. Daga ranar muka riƙa share yashin muna sake zubawa a inji, sau uku, sau huɗu, har ya koma gari kamar hoda. Na yi ta alfahari da dabarata. Ashe wannan garin ne ke shiga huhu ya zauna, kuma ba ya fita.

Kariyarmu kuwa, kowa ya jiƙa ƙyalle ya ɗaure hanci, in an tashi aiki in raba musu madara kofi-kofi, wai tana wanke ƙirji. Na yarda da haka har zuciyata. Har faɗa nake yi wa wanda bai shanye tasa ba.

Maza tara suka yi aiki a ɗakin nan. Mun binne huɗu, babu wanda ya kai arba'in. Biyu suna gida, ɗaura takalmi ma sai sun huta. Ni ban taɓa riƙe tiyo ba, a bakin ƙofa kawai nake zama ina duba wanduna, kuma ga inda hakan ya kawo ni.

Saboda haka ɗakin nan kada ya ƙara buɗewa don aiki. Mabuɗin yana ƙarƙashin matashina. A fito da injin a farfasa shi da guduma kafin a kai wa masu sayen ƙarfe. Kada a sayar da shi lafiyarsa ƙalau, domin wanda zai saya wani ƙaramin garin zai kai shi, inda wata mace mai tsimi irina take jira. Dogo, na san takardar sabuwar kwangila ta yi sati uku a aljihunka. Na san kuma hujjarka, cewa kuɗin yashi ne ke biyan matan sama a watannin da ɗinki ya yi ƙasa. Ba ƙarya ka yi ba. Za ku sha wuya, wataƙila shekara biyu, wataƙila fiye. Ku koma kayan makaranta da na asibiti da gyaran gwanjo, ku ci kaɗan. Ka yaga takardar a gaban ƙannenka.

Na uku. Kashi ɗaya cikin uku na abin da na bari, wanda nake da ikon yin wasiyya da shi, na matan mamatan nan ne da mutum biyun da ke kwance. Kada ku aika, ku je da ƙafarku. Kada kuma ku kira shi taimako. Ku faɗa musu maganar tagar kamar yadda na rubuta ta a nan. In sun yafe mini, alhamdu lillahi. In sun ƙi, kada ku matsa musu, suna da gaskiya.

Na huɗu. Ruwan wankin wanduna da muke saki a kwata yana gangarawa rafin da ke bayan unguwa. Tsohon nan mai lambu a bakin rafin ya zo wurina sau uku, ya nuna mini ganyensa ya ƙone, ƙafafunsa sun yi shuɗi sun tsattsage. Duk zuwan da ya yi, wanduna nake ba shi ya kai wa jikokinsa, in raka shi da fara'a. Abin yana ba ni kunya yanzu. Ku toshe wannan kwatar da siminti, tulin ƙyallayen da muke ƙonawa a bakin rafi kuma ku daina. Ku je ku ba shi haƙuri tun yana da rai.

Na biyar naki ne, Shiru-shiru. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinki, shekara biyu kuma ba ki ce wa yayanki ko sannu ba. In ya shigo ta ƙofa sai ki fita ta baya. Mijinki shi ne na uku cikin huɗun da muka binne, mutumin da ke rera waƙa ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle har mu ji shi a sama. Kin ɗauka Dogo ne ya toshe tagar, saboda shi kika gani da guduma. Ni na sa shi, kuma sai da ya yi mini gardama. Mijinki ya roƙe ni sau biyu a buɗe ta, ya ce ba sa ganin hannunsu don ƙura. Na ce masa yashi ba kyauta ake ba ni ba. Akwai ranar da Dogo ya ɓalle kwanon ina kasuwa, na dawo na sa ya mayar da shi a gabana.

Ranar da kika tsaya a tsakar gida kika kira shi mai kisan kai, ina zaune ina jinki. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Tsoro na ji kada ki daina shigowa ɗakina. Na bar ɗana ya ɗauki laifina shekara biyu, bai taɓa buɗe baki ba. Duk cikin abin da na aikata, wannan ya fi ci mini rai. Fushinki yana kan hanya, wanda ya cancance shi ne kika kuskure. Ki dawo da shi kaina, ni zan tafi da shi.

Na shida. Benen nan matakala goma sha shida ne, kuma daga gadona ina gane tafiyar kowa. Lokacin da ciwon ya fara mini, a ta tara nake tsayawa, in yi kamar ina gyara ɗankwali. Dogo, tun watan jiya kake tsayawa a ta tara. Ina jin ka ciro waya kana latsawa, kuma na san babu wanda ya kira ka. Shekara shida ka yi kana shiga ɗakin yashin nan kana gyara tiyo. Kada ka ce mini gajiya ce, ni na haife ka, da gudu kake hawa benen nan ɗauke da dila a ka.

A yi wa Dogo hoton ƙirji a satin nan, kada a jira sai an gama da ni. Shiru-shiru, ke za ki kai shi. Kin san kowace ƙofa a asibitin nan, kin san likitan da ke faɗin gaskiya, kin san yadda ake jingina mutum da matashi in numfashi ya ƙi. Babu wanda ya san wannan hanyar kamarki, kuma na san da tsada kika koye ta.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku halal ko kaɗan ce, Ya tsare ku daga irin dabarata. Ku yafe mini. Auta, ke ce mai baki a cikinku, ki riƙa tara su cin abinci ko ba sa so. Kada gidan nan ya watse a bayana. Shiru-shiru, in kin ji yayanki ya tsaya a matakala ta tara, kada ki jira shi a sama. Ki sauko.