Jika Takwas, Ba Arba'in Ba

Daren Laraba, kwana tara bayan bikin Biyanu.

Shekarar da ruwa ya kwashe gidajen bakin kori, rafin garinmu, na ɗauki gishirin Tegidda bashi wurin Elhaji Sidi, na jika arba'in na sefa. Na biya talatin da biyu, wani da kuɗi, wani da awaki biyu. Ba mu rubuta biyan ba, ba mu saba ba. Ranar jana'izarsa, da liman ya yi cigiyar bashi, na miƙe gaban jama'a na ce takwas suka rage. Ba wanda ya musa.

Yau mai ɗakina ta jiyo a kasuwa ɗansa ya kai ƙarata gidan shari'a. Arba'in cif yake nema, haka littafin ubansa ya nuna. Wisiye mai raba takardun shari'a ya shigo unguwarmu Dagmanet yana tambayar gidana.

Ta ce, "Malam, tafi Iferwan wurin ƙanenka. In takarda ba ta taɓa hannunka ba, me za su yi?"

Na ce, "Rumfar gishirin fa, goya ta zan yi?"

In na ɓuya a yanke hukunci ba na nan, su kwashe rumfar. Kuma wanda ya gudu ya amsa arba'in ke nan. Ban iya Faransanci ba, amma har launin awakin ina tune.

Gobe bayan asuba zan je wurin liman in ji ko shi ma yana tune. Sannan in shimfiɗa tabarma ƙofar gida, takwas ɗin a aljihu, in jira wisiye. Ba zan dangwala yatsa ba sai an karanta mini da Hausa.